Kama da wane ba wane ba ne: libarbar kwaikwayo da masu tara ta

Cikin watan Afrilu na shekara ta 2018, a wani gidan gwanjo na garin Rock Island, jihar Illinois ta ƙasar Amurka, an sallama wata tsohuwar libarba a kan dalar Amurka miliyon 1 da dubu 840, wato wajen miliyar guda na kuɗin sefa. Bindigar ƙirar Colt Walker ce ta shekara ta 1847, wadda guda 1100 kaɗai aka taɓa ƙerawa, 1000 domin soja, 100 domin farar hula. A cikin wannan watan kuma, duk baligin da ke zaune a Faransa yana iya shiga kantin bindigogi ya fito da Walker sabuwa ful, ƙirar Italiya, mai tsawo ɗaya da nauyi ɗaya da waccan, a kan kuɗin da bai wuce jikka 500 ba. In aka aza su biyun bisa tebur, aka ɗan shafa wa sabuwar tsufa, wanda bai san kan abin ba ba zai iya cewa ga uwa ga ɗiya ba. Abin da ya raba su shi ne shekaru, da wasu ƴan tambura da ba su kai girman ƙwayar gero biyu ba. A kan waɗannan tambura ne amanar wannan sana'a duka ta rataya.

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ƴar ganga a tsakiya, wadda ke juyawa, da ramuka biyar ko shida a jikinta. Ta zamanin yau harsashi ake zura mata a gama. Ta zamanin Samuel Colt kuwa ɗura ake yi mata, rami bayan rami. A zuba baƙin albarushi, irin wanda ƴan bindigar sarki ke tashi da shi ran hawan salla, a ɗora dunƙulen dalma a bakin ramin, a danna shi da wani ɗan sandan ƙarfe da ke manne ƙarƙashin bututu. Sa'an nan a bayan kowane rami a kafa wata ƴar hula ta jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke ba da wuta in an doke shi. In aka ja kunama, guduma ta faɗa kan hular, tartsatsi ya isa ga albarushi, sai ƙara da farin hayaƙi mai warin farar wuta. Ɗura ramuka shida aiki ne na mintoci, dalili ke nan da ya sa mahaya na wancan zamani ke rataya biyu ko fiye.

Colt ya samu takardar mallakar ƙirarsa a Amurka ran 25 ga watan Fabrairu na 1836. Kampaninsa na farko, a garin Paterson, ya karye a 1842 saboda rashin kasuwa. Yaƙin Amurka da Meksiko ne ya ta da shi, lokacin da kyaftin Samuel Walker na mahayan Teksas ya zo masa da shawarar wata babbar libarba mai nauyin kilo 2, wadda aka sa wa sunansa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ƙirar 1851, wadda ake kira Navy, mai faɗin baki wajen milimita 9, an yi fiye da dubu 200 nata a Hartford, aka ƙara wajen dubu 40 a London. Ƙirar 1860, wadda ake kira Army, mai baki milimita 11, ita ma ta haura dubu 200. Kampanin Remington ya fito da tasa mai uwar jiki rufaffiya ta sama, wadda ta fi ta Colt ƙarfi. Da waɗannan aka yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865.

Ƴan Kudu, da yake ba su da manyan masana'antu, sai suka shiga kwaikwayo tun a lokacin. A Griswoldville ta jihar Jojiya, wata masana'antar injin gurzar auduga ta koma ƙera Navy mai uwar jiki ta tagulla saboda ƙarancin ƙarfe. Ba ta kai ga yin 4000 ba sojojin Arewa suka ƙone ta a watan Nuwamba na 1864. Akwai kuma ta LeMat, wani Bafaranshe mazaunin New Orleans, mai ramuka tara da wani babban bututu na biyu a tsakiya, wadda aka ƙera yawancinta a Paris aka yi fasa-ƙwaurinta ta teku. Zuwa 1873 harsashi mai kwanson ƙarfe ya kore su duka. A 1884 kuma Bafaranshe Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba. Libarbar ɗura ta koma cikin akwatunan tsofaffi.

Yadda Italiya ta shigo ciki

A ƙarshen shekarun 1950 Amurkawa na shirin bikin cika shekara 100 da yaƙin basasa. Ƙungiyoyi sun yawaita masu sa tufafin sojan da suna maimaita faɗace-faɗacen a fili, ko suna gasar harbi da makaman zamanin. Tsofaffin bindigogi na asali suke harbawa, suna ta cinye su, kuɗinsu kuma na hawa. Wani ɗan kasuwa na New Jersey mai suna Val Forgett, mai kampanin Navy Arms, ya hango ciniki. Ya bi Turai yana neman wanda zai ƙera masa sababbi da araha, har ya dace a Gardone Val Trompia, wani gari cikin kwarin duwatsu a arewacin Brescia, inda ƙirar bindiga gado ce: takardun gidan Beretta sun nuna tun 1526 yake sayar wa hukumar Venis da bututun bindiga. A can Vittorio Gregorelli da Aldo Uberti suka karɓi aikin, kuma a 1959 Navy ta farko ƙirar Italiya ta isa Amurka. Gidan Pietta ya biyo baya, haka nan Armi San Marco da Armi San Paolo. A Liyej ta Beljik ma an ƙera Army ta 1860 da sunan Centaure daga 1959 zuwa 1973.

Silima ta ƙara wa wutar mai. Finafinan kaboyi na Sergio Leone, tun daga 1964, sun nuna wa duniya waɗannan bindigogi a hannun jarumai, kuma zazzaɓin ya kai ko'ina. A Nijar ma, a 1966 Moustapha Alassane ya yi filim kan samarin ƙauye da suka haukace da kayan kaboyi. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne kampanin Colt da kansa ya koma sayar da libarbar ɗura daga 1971 zuwa 1982, kuma yawancin manyan sassanta daga Italiya ake kawo su ɗanye, a gyare su, a haɗa su a Amurka, a buga musu sunan Colt. Har yau masu tarawa na gardama ko a kira waɗannan Colt na gaskiya ko kwaikwayo mai rajista.

Tun farkon lamarin masu tara na asali sun nuna tsoronsu cewa za a cika kasuwa da jabu. Abin da ya tsare su shi ne dokar Italiya. Babu bindigar da ke fita kasuwa a can sai ta bi ta gidan gwaji na ƙasa da ke Gardone, wanda aka kafa a 1910. A can ake ɗura mata fiye da ƙa'ida a harba. In ta jure a buga mata tambari. Libarbar ɗura na samun haruffa PN, ma'ana baƙin albarushi da Italiyanci, waɗanda a da ake bugawa ƙarƙashin tauraro. Kusa da su akwai alamar shekara. Da farko da lambobin Rumawa ake yi: XV na nufin 1959, XX na nufin 1964. Daga 1975 aka koma haruffa bibbiyu cikin ɗan murabba'i, aka fara da AA. A jikin bututu kuma maƙeri na rubuta sunan ƙasar da aka yi ta, da gargaɗin cewa baƙin albarushi kaɗai ta yarda da shi. Ɗan kasuwar da ya saba duba gefen turmin atamfa domin ya san ta Holan ce ko ta wani wuri, ya riga ya gane amfanin wannan rubutu.

Ɗiya ta zama uwa

Yau libarbar kwaikwayo ta farko ta haura shekara 60. Armi San Marco da Armi San Paolo sun rufe, Centaure ta daina fita tun da daɗewa. Saboda haka wani sabon rukunin masu tarawa ya taso, waɗanda kwaikwayon kansa suke nema. Suna bin Navy mai haruffan GU, wato Gregorelli da Uberti, na shekarun farko. Suna bin Centaure lamba bayan lamba, suna rubuta bambancin wannan da waccan. Suna neman akwatin kwalin da bindigar ta zo ciki da takardarta, don sau da yawa kwalin ya fi bindigar wuyar samu. Ga waɗannan mutane, tambarin Italiya shi ne takardar haihuwa, kuma bindigar da aka goge mata shi ta zama marar asali, ba ta da gurbi a wurinsu.

Wanda ya shiga wannan fage yana koyon tarihi ko da bai yi niyya ba. Zai ji cewa zanen jiragen ruwa da ke zagaye da gangar Navy hoton faɗan Campeche ne na 1843, tsakanin jiragen Teksas da na Meksiko, kuma daga nan sunan ya samo asali, alhali yawancin masu ɗaukar ta a bisa doki suke. Zai kuma gane cewa wasu da ake sayarwa kwaikwayon abin da bai taɓa wanzuwa ba ne. Navy mai uwar jiki ta tagulla da baki milimita 11, wadda ta cika kantuna da sunan bindigar ƴan Kudu, babu sojan da ya taɓa riƙa ta a 1863; maƙeran Italiya ne suka haɗa ta don tana da ƙyalli kuma tana da araha. Masu gasar harbi ma sun raba gari: a gasar duniya ta bindigogin ɗura, wadda kwamitinta ya kafu a 1971, libarba ta asali na da ajinta mai suna Colt, ta kwaikwayo na da nata mai suna Mariette, duka a nisan mita 25.

Aikin gyara

Yawancin tsofaffin kwaikwayo da ke fitowa kasuwa cikin mugun hali suke, kuma dalilin ɗaya ne. Tokar baƙin albarushi na jan laima daga iska, kuma gishirin da ke cikinta na cin ƙarfe. Bindigar da aka harba ran Lahadi aka jefa cikin aljihun tebur, kafin mako ya zagayo tsatsa ta kama ta. Wadda aka manta shekara 30, cikin bututunta ya zama kamar fuskar mai zanzana.

Abu na farko da mai gyara na kirki ke yi shi ne ya tabbata babu ɗuri a ciki. An sha samun libarbar da ta kwana shekaru da dama cikin kayan mamaci da albarushi da dalma a ramukanta, kuma baƙin albarushi in bai jiƙe ba tsufa ba ya kashe shi. Bayan haka sai kwancewa, kuma nan ne haƙuri ke aiki. Kusoshin Italiya na shekarun farko ƙarfensu na da taushi, kuma abin murɗawar da bai cika tsagar kusa daidai ba nan take yake cinye mata kai. Ƴan nonnan da ake kafa wa hula a bayan ganga su ne suka fi taurin kai: tsatsa na liƙe su, sai an jiƙa su da mai kwana da kwanaki kafin su motsa, kuma mai gaggawa karya su yake a ciki. Wanki kuwa, abin mamaki, da ruwan zafi da sabulu ake yi, don ruwa ne ke narkar da gishirin toka. Mai kaɗai rufe shi yake. In ƙarfe ya bushe sarai, sa'an nan a shafa mai.

Daga nan sai ciki. Libarbar Colt sassanta kaɗan ne, amma tilas su yi tafiya tare. In aka ja guduma baya, wani ɗan hannu na tura ganga ta juya, wani ɗan haƙori kuma ya taso ya kulle ta daidai lokacin da rami ya fuskanci bututu. Ƴan falle-fallen ƙarfen da ke mai da waɗannan sassa wurinsu su ne suka fi yawan karyewa. In saiti ya kuskure ko da kaɗan, dalma na goga gefen bututu tana fesa ɓarɓashi. Mai uwar jiki ta tagulla kuwa, in an daɗe ana cika mata ɗuri, tagullar na miƙewa, ganga ta riƙa wasa gaba da baya. Irin wannan sai dai ta koma ado a bango. Ga kuma wata wahala: sassan Uberti ba su cika shiga ta Pietta ba, na kampanin da ya rufe kuwa sai a nemi wata matacciya a ciro, ko a zauna da magagari a sassaƙa sabo. Ƙotar katako ita ce mai sauƙi: a wanke tsohon fenti, a ta da wuraren da suka loɓa da tururi, a shafa man lilin sau da yawa, kowane shafi sai ya sha iska.

A nan ne hanyar mai gyaran kwaikwayo ta rabu da ta mai gyaran asali. Colt ta 1851 ta gaskiya, in aka goge mata duhun tsufa aka sake rina ta, an zubar da babban rabo na kuɗinta, don tsufan nan shi ake saye. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Kwaikwayo kuwa na ba mai ita sarari: yana iya goge tsatsa har ƙasa, ya sake mata baƙin rini, ya sauya mata ƙota. Haddi ɗaya ne aka gitta masa, wato takardar yashinsa ta tsaya in ta iso kan tambura da lambobi.

Inda gyara ke zama algus

Akwai masu ƙetare wannan haddi da zuciya ɗaya. Masu maimaita yaƙin basasa ba su son a ga sunan Italiya a jikin makamin sojan 1862, saboda haka sukan kai wa maƙeri ya share rubutun, ya dusashe rinin, har ta yi kama da wadda ta sha yaƙi. Mai ita ya san abin da ya riƙa, abokansa ma sun sani. Amma ƙarfe ya fi mutum tsawon rai. Ran da ya ƙaura, magada su tarar da tsohuwar bindiga marar tambari, su kai ta kasuwa da labarin cewa ta kakan kaka ce, ba tare da sun san ƙarya suke ba. Masu gyara da suka san ya kamata kan buga wata alama a ɓoye, ƙarƙashin ƙota ko ƙarƙashin bututu, don wanda zai kwance ta wata rana ya san gaskiya.

Akwai kuma masu yi da gangan. Su goge tambura, su jiƙa ƙarfe da ruwa mai ci, su bizne shi cikin ƙasa mai laima, su buga lambobi irin na da. Walker da Griswold su ne abin farautarsu, don na asalin kaɗan ne kuma kuɗinsu na da yawa, har masu tarawa na ba'a cewa Walker da ke duniya yau sun fi waɗanda Colt ya ƙera yawa. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Murɗin kusoshin Italiya bisa awon milimita yake, na Amurka bisa inci. Tsagogin da ke cikin bututun Colt ta asali na fara murɗawa a hankali su ƙara sauri wajen baki, na yawancin kwaikwayo kuwa murɗi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Gangar Griswold ta gaskiya da murɗaɗɗen ƙarfe aka yi ta, kuma layukan murɗin na bayyana a jikinta. Wurin da aka ci da magagari kan ɗan faɗa, in aka karkata shi ga haske sai ya nuna. Masani na ganin duk wannan cikin rabin sa'a. Wanda ake cuta shi ne sabon shiga, mai kuɗi a hannu da ɗoki a zuciya.

Asarar ma ba ta tsaya ga aljihu ba. Magagarin da ya share sunan Italiya shi ne ke share gargaɗin baƙin albarushi. Wanda bindigar ta faɗa hannunsa daga baya, in ya zuba mata albarushin zamani, ganga na iya tarwatsewa a tafin hannunsa, ta tafi da yatsu ko ido. Tambarin da wani ya ɗauka muni ne a jikin kayansa, shi ne kaɗai muryar da maƙeri ya bari don ta yi wa baƙo magana bayan shekara 50.

Saura magana ɗaya ga matafiya, ƴan kasuwa da ma'aikatan da aiki ke kai wa Turai. Faransa ta sa waɗannan bindigogi cikin rukunin D, wanda baligi ke saye ba tare da izini ba, ko da yake yawo da su ba dalili laifi ne. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta lissafa su tare da kayan tarihi, amma wasu jihohi sun tsananta. Ingila kuwa sai da lasisi. Kowace ƙasa da tata, kuma sauƙin da aka gani a kantin Paris bai bin mutum zuwa filin jirgin Yamai. A idon ma'aikacin duwan da jandarma, abin da ke harba dalma makami ne, ko a 1851 aka zana shi, kuma riƙe shi sai da izinin hukuma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Uberti da Pietta na ci gaba da ƙira a lardin Brescia, kuma kowace libarba da ta fito daga hannunsu na bi ta gidan gwajin Gardone ta karɓi tambarinta. Wadda aka bar mata shi, ko ta yi tsatsa ta warke sau uku, duk wanda ya ɗauke ta zai karanta ƙasarta da shekararta, ya biya kuɗin da ya dace da ita, ya kuma san abin da zai ɗura mata. Wadda aka share wa shi ta fita daga sahun kwaikwayo, ba ta kuwa shiga sahun asali ba, sai dai ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ran da ta gamu da masanin da zai kwance kusa ɗaya ya auna murɗinta.